Gayyar Doya a Bayan Maje

Ƙauyenmu yana bayan Maje. Idan ka bar kwalta ta wajen da tankokin mai suke yin layi, sai ka gangara, ka haye wani ɗan rafi da yanzu aka yi wa kwalbati, to ka iso. Na ce ƙauye ne don bakina ya saba. Wanda ya zo yau ba zai ga ƙauye ba, katangun bulo zai gani da ƙofofin ƙarfe da tankunan ruwa a saman ƙarafa, sai gidanmu na ƙasa a tsakiyarsu da rumbu biyu, ɗaya ya karkace. 'Yan acaɓa ma da mu suke kwatance, su ce wajen gidan tsohon nan.

Na dawo gidan ne bayan rasuwar mijina a Minna. Na gama takaba, 'ya'yana kowa ya kama gabansa, mahaifiyarmu kuma ta riga ta rasu, Baba yana zaune shi kaɗai yana dafa wa kansa abin da ba zan kira shi abinci ba. Na ce bari in zo in yi masa wata ɗaya ko biyu. Shi ya tafi tuni, Allah ya jiƙansa, ni ce har yau ban tafi ba.

A lokacin gona ɗaya ce ta rage masa, ta bakin rafi, wadda yake noman doya a ciki. Sauran duk sun tafi, wata a rabon gado, wata a ciwon mahaifiyarmu. Yayana yana zaune a Bagama, cikin gari, yana da shago a kasuwa da 'ya'ya cike da gida. Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Dillalan filaye ne suka hana shi sakat, shi kuma yana ganin tsoho ƙafa ta fara ja, ido ya fara hazo. Duk ran da ya zo, da an gama gaisuwa zancen zai karkata ya koma gona.

“Baba, an zagaye ka,” in ji shi wata rana a ƙarshen damina. “Gabas bulo, yamma bulo. Ba za ka iya huɗar nan kai kaɗai ba, 'yan ƙwadago kuma ka ce ba ka so.”

Baba yana gyara ƙotar fartanya, bai ɗago ba. “Ni ban taɓa kiran gayya an bar ni ni kaɗai ba. Bana ma zan kira. In ba a amsa ba, kawo mutanenka su auna.”

Yayana ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Mun san Baba, in ya faɗi magana ba ya lashe ta. Mun kuma san waɗanda yake nufin kira, duk babu su. Wasu suna maƙabarta, wasu sun sayar sun ƙara gaba cikin daji wajen Lambata, inda ƙasa take da sauran arha.

Gayya a wurinmu ba a kiran ta barkatai. Duk wanda gonarsa ta haɗa iyaka da taka, shi za ka fara kai wa goro, kuma ba shi da bakin cewa a'a sai da ciwo ko rasuwa. Zai zo da ƙannensa da 'ya'yansa, ranar tasa kai ma ka je da naka. Babu ruwan abin da ko kuna shiri ko ba kwa shiri, ko Bagwari ne, ko Koro, ko Bahaushe. Na ga shekarar da Baba ba ya ga-maciji da wani maƙwabcinsa saboda akuya, amma ranar gayyar mutumin shi ya riga kowa isa, ya yi aikinsa fuska a murtuke, ya sha kunu ya dawo gida ba tare da sun gaisa ba. A wajensa iyaka ce take kira, kuma sayar da gona bai goge wannan ba. Wanda ya sayi ƙasa ya saya har da iyakarta. Saboda haka ya ce zai kai goro ga duk gidan da yake zaune a kan gonakin maƙwabtansa na da.

Na ce to, in ya zama dole, ya sa Asabar. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Asabar ranar kasuwa ce a yankinmu, ba a kiran gayya ran kasuwa, ba a kira ran Juma'a, Lahadi kuma masu zuwa coci suna da uzuri. Ya sa Talata.

“Baba, mutanen nan ran Talata kafin ka shafa addu'ar asuba sun kai Zuba a hanyar wurin aiki.”

“Wanda aka kai wa goro zai san yadda zai yi, Uwata.”

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kira na haka. Ya fi kira na da shi idan yana so in yi shiru.

Ran Lahadi bayan la'asar ya sa rigarsa ta Juma'a, ni na ɗauki goron a ƙwarya na bi shi. Ban bi shi don na yarda da abin ba. Karnuka nake ji masa tsoro, da bakin mutane.

Ba mu bi titi ba, don Baba bai san titunan unguwar ba kuma bai damu ya sani ba. Tsohuwar hanyar gona yake bi a cikin kansa, in katanga ta tare shi ya zagaya yana tsaki, ya koma kan layinsa. Muka fara bi ta gindin dutsen da yake arewa da mu. A nan ya tsaya, kamar kullum, ya nuna sama da sandarsa. A can ƙauyen ya fara, a tsakanin duwatsu, zamanin da ba a kwana a fili saboda mahara. Gwarawa ne a wurin tun farko. Ruwa kawai suke saukowa ɗiba a rafi, su koma sama da tulu a kafaɗa. Kakan Baba ya fito daga cikin gari da garmarsa yana neman wurin noma, dattijon Gwarawan ya zaga da shi ya nuna masa daga wannan ɗorawa zuwa wancan rafi, ya ce ya noma ya ci. Da duniya ta lafa aka sauko gindin dutse. Da hanyar mota ta zo, rabin mutane suka koma bakin hanya wajen Maje, mu muka tsaya inda muke. Ina ƙarama mukan hau kufan mu tsinci fasassun tukwane da duwatsun niƙa, in sama ta washe kuma mu hango kan dutsen Zuma can wajen Madalla. Yanzu masu fasa tsakuwa sun cinye gefe ɗaya na dutsen, babu mai hawa sai su.

Garin da kakan nasa ya fito shi ne Abuja ta asali, wadda ta koma Suleja da aka ba sabon birni sunan. Baba har ya koma ga Allah in zai shiga gari cewa yake zai je Abuja, sabon birnin kuwa sai ya ce can wajen ma'aikata. Ni ina yawan faɗa masa cewa an ɗauki sunan an tafi da shi mun yi shiru, ga shi an dawo ɗaukar ƙasar. Ba ya son irin wannan magana tawa. Yakan ce baƙo ba laifi ba ne, mu ma baƙi muka zo.

Gidan farko yana kan gonar maƙeri. Haka Baba yake kiran kowane gida, da sunan gonar da yake kai. Wannan ƙato ne mai baƙar ƙofa da waya mai ƙaya a kan katanga. Muka ƙwanƙwasa, wani saurayi maigadi ya leƙo ta 'yar taga.

“Oga no dey,” ya ce, wato maigida ba ya nan, tun kafin mu yi sallama.

Baba ya yi masa sallama duk da haka, ya gaishe shi da aiki, ya tambayi mutanen gida. Sai ga shi yaron Bahaushe ne daga can arewa, ya buɗe ƙaramar ƙofa ya fito ya rusuna. Baba ya yi masa bayani dalla-dalla: gonar nan ta haɗa iyaka da tasa ta arewa, ran Talata yana da gayyar doya, ga goro a ba maigida. Na ga fuskar yaron ta canza da ya ji kalmar gayya. Ya ce a garinsu ma ana yi. Ya ce maigida sai can dare yake dawowa, amma zai faɗa masa, shi kuwa da zai iya barin ƙofa da ya zo. Ya karɓi goron da hannu biyu. Ina da yaƙinin shi ya cinye abinsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Gonar mai kalangu ta zama jerin ɗakunan haya. A nan muka sami wani magidanci ɗan wajen Kano, ma'aikaci a sabon birni, mutum mai kirki da iya magana. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi, ya zauna a ƙasa yana ta Baba kaza Baba kaza. Ya ba mu labarin gayyar kakansa a ƙauyensu, har da waƙar da ake yi. Baba ya ji daɗi ƙwarai, har ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Daga baya mutumin ya sassauta murya ya ce ko za a nemo 'yan ƙwadago, shi ya ɗauki nauyinsu. Baba ya mai da hularsa.

“Ba roƙo na zo ba, ɗana. Gayya na zo kira.”

“Haka ne, Baba. In sha Allahu.”

Na yi zaman aure da ma'aikaci shekara da shekaru, na san irin wannan in sha Allahu. Baba bai san ta ba. Muna fita ya ce mini wannan ɗan mutunci ne, zai zo.

A gida na uku, kan fadamar da muke tsinkar rama muna yara, ba a buɗe mana ba. Kare yana ta haushi, wata mata ta yi magana ta bayan ƙofa da Turanci, Baba ya amsa da Hausa, ba wanda ya ji wani. Can sai ga hannu ya fito ta ƙasan ƙofar da biredi a leda. Ashe ta ɗauka bara muka zo. Wannan mutumin da ta miƙo wa biredi shi ya sare kirya da hannunsa a inda ɗakin girkinta yake. Na buɗe baki zan faɗa mata abin da ko ba ta jin Hausa za ta gane, Baba ya taɓa ni da sanda.

“Ba ta sani ba ne,” ya ce. Ya sunkuya da ƙyar ya tura goronsa ta inda biredin ya fito, ya bar biredin a wurin.

Na ƙarshe yana ƙetaren rafi, kan gonar babban amininsa, wani Bagwari da suka yi kusan duk rayuwarsu suna huɗa kafaɗa da kafaɗa. Shi ne ya sayar ya koma daji, bai daɗe a can ba ya rasu, labarin ma sai daga baya ya iso mu. Gida ne marar fenti, 'yan haya cike. Wanda muka tarar a waje wani malamin makaranta ne ɗan wajen Binuwai, Kirista, yana wanke babur ɗinsa. Hausarsa tana ɗingishi amma tana tafiya. Da Baba ya gama bayani ya goge hannu a wando ya karɓi goron.

“Doya, Baba? A nan?” Ya yi dariya. “Babana ma doya yake yi a gida. Amma Talata akwai makaranta. Zan gwada.”

A duk waɗanda muka zaga shi na fi cirewa daga lissafi, don shi ko alkawari bai yi ba.

Ran Litinin na fito da manyan tukwanen mahaifiyarmu daga rumbun da ya karkace. Gizo-gizo ya yi gida a ciki. Ina wanke su ina tuna jajiberin gayya a da, yadda matan ƙauye suke cika tsakar gidan nan, turame uku suna tashi a lokaci ɗaya, wata tana tankaɗe, wata tana yankan kuɓewa, ana gulmar duk wadda ba ta iso ba tukuna. Ranar ni kaɗai ce. Na kai dawa inji a bakin hanya, na dawo na jiƙa tsamiya, ba motsin kowa sai janareton maƙwabta ta bayan katanga. Na san abincin mutum biyu ya isa. Amma in na ɗora ƙaramar tukunya, na faɗa wa Baba ke nan abin da na sani, ni kuwa ban iya ba. Sai na tuƙa na mutum ashirin.

Talata da sassafe muna gona. Baba ya riga ya kai garmunansa wajen maƙeri a kasuwa an wasa su, ya jera su a gindin ɗorawa, ƙota tana kallon gabas. Ya shimfiɗa buzunsa ya zauna. Ni na yi ta jigilar kunu da tuwo daga gida, na rufe da faifai na zauna a gefe.

Daga gonar ana jin unguwa tana tashi. Ƙofofin ƙarfe suna ƙara ɗaya bayan ɗaya, motoci suna fita, 'yan acaɓa suna ɗiban masu sauri zuwa bakin kwalta. Duk motar da ta biyo ta gefen gonar sai Baba ya gyara zama. Mutumin nan ɗan wajen Kano ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya ɗaga hannu biyu yana gaisuwa, ya ce, “Baba, sai na dawo.” Baba ya ɗaga masa hannu. Kafin rana ta ɗaga sosai duk sun tafi, wurin ya yi tsit. Wanda bai zauna a irin unguwar nan da hantsi ba bai san kaɗaici ba. Gidaje ko'ina, labule a kowace taga, amma ba muryar yaro, ba sallama, ba ko kaza. Ƙauyenmu ko lokacin da yake daji sosai bai taɓa yin shiru haka ba.

Na ce, “Baba, ka fara mana ko kaɗan kafin rana ta yi zafi. In sun zo sa tarar da kai.”

“A ina kika taɓa ganin mai gayya ya fara sara? Sai maƙwabcin iyaka ya ɗora tulin farko.”

Na manta da wannan, ko kuma ban taɓa lura ba, tun da mu mata a bakin tukunya muke. Ashe ko shi kaɗai ɗin ma ba zai taɓa ƙasar ba. Ƙasa tana da sauran damshin damina, irin wanda in ya wuce ya wuce, ga garma a wase, ga mutum zaune yana kallonsu.

Don ya rage wa kansa jira sai ya fara nuna mini yadda ake jeruwa a da. Maƙeri a wancan gefe don shi bahago ne, kada ya sari na kusa da shi. Amininsa Bagwari a tsakiya, shi yake ja, kowa yana ƙoƙarin kada ya bar shi a baya. Mai kalangu ba ya huɗa, bin su yake yana zuga su, yana yi wa malalaci habaici har sai ya ji kunya. Yana faɗa yana nuna wuraren da sanda kamar suna tsaye. Na ce masa ai na tuna, ko da yake rabin abin ban tuna ba.

Azahar ta yi, ya yi alwala a rafi ya yi salla. Tuwo ya huce, ƙudaje suka samu. Na zuba masa, ya ce ba a ci kafin ma'aikata. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba, kuma tausayin ya zo mini da fushi. Na ji haushin masu motoci, na ji haushin yayana, har waɗanda suka mutu sai da na ji haushinsu da suka tafi suka bar shi da wannan al'ada shi kaɗai. Shi kansa na ji haushinsa. Na juya baya na yi kamar ina gyara murfin kunu.

Bayan la'asar, na fara tattara faifai ke nan, sai na ga mutum yana haye rafi, takalma a hannu, wando a naɗe zuwa gwiwa. Malamin makarantar nan ne, da rigar aikinsa, har da alli a hannun rigar.

“Baba, sorry. Sai yanzu muka tashi.”

Baba ya nuna masa garmunan. Malamin ya cire riga ya rataye a reshe, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan ya jinjina ta, ya zaɓi mafi nauyi. Ya tofa yawu a tafin hannu. Sara uku ko huɗu, sai ga tuli ya tashi, dogo, kai a mulmule, irin na mutanen da aka haifa a cikin doya. Baba ya miƙe ba tare da sanda ba. Ya je ya zagaya tulin, ya danna gefensa da ƙafa, ya gyaɗa kai, sannan ya ɗauki tasa garmar.

Na tsaya ina kallonsu, tsoho da baƙo, suna tafiya a jere. Malamin yana rage hannu don kada ya bar shi a baya, Baba kuma ya gane, yana ƙara ƙoƙari don kada a rage masa. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Muryar ta yi tsatsa, ta fito a karkace, karnukan unguwa suka ɗauka gaba ɗaya. Malamin ya yi dariya har ya dafa garma. Na ruga gida na ɗumama miya, ina tafe ina shirya abin da zan faɗa wa yayana. An kira, an amsa. Bai ce mutum nawa ba.

Kafin rana ta yi ja sun tayar da kusurwa ɗaya ta gonar. Ba yawa, amma ana gani daga hanya. Suka wanke hannu suka zauna, Baba ya ci tuwo sosai, yana ta tura wa malamin nama. Suka yi hirar doya, wace iri ce take son jan ƙasa, wace ce take daɗewa a rumbu. Rabon da in ji Baba yana magana da ƙarfi haka tun mahaifiyarmu tana da rai.

Da aka gama ya goge baki, ya gyara zama, ya yi tambayar da mai gayya yake yi kafin a watse.

“To, Malam, taka yaushe? Ina gonar take, in san hanya?”

Malamin ya yi murmushi. “Ni ba ni da gona, Baba. Ɗaki da falo nake haya.”

“Ko ɗan fili a bayan gida?”

“Duk siminti ne. Barkono ma a bokitin fenti matata take shukawa.”

“Ta mahaifinka fa?”

“Tana can gida, da nisa. Ni ma na daɗe ban je ba.” Ya ga yadda Baba yake kallonsa, sai ya ƙara da sauri, “Ba sai ka rama mini ba, Baba. Na yi kewar garma ne kawai. Asabar ma zan dawo in ƙarasa maka.”

Baba ya yi masa godiya mai yawa, ya sa masa albarka, shi da matarsa da 'ya'yansa da iyayensa, ya ce in cika masa kwano ya kai gida. Ya raka shi har bakin rafi, ya tsaya har ya haye.

A hanyar gida ni ce nake ta zuba, ina ɗauke da tukunya, ina cewa gobe zan kira yaya in ce ya sallami dillalansa. Baba yana gaba da garma biyu a kafaɗa, ya koma jan ƙafarsa. Sai da muka zo ƙofar gida ya tsaya.

“Ba a amsa ba, Uwata.”

“Kamar yaya ba a amsa ba? Da idona na ga mutum ya yi huɗa.”

“Taimako ya yi mini, Allah ya saka masa da alheri. Gayya sai wadda zan rama. Wa zan je wa?”

Na ajiye tukunyar. Na ce masa babu wanda zai san bambancin, yaya ma ba zai tambaya ba, malamin kuma da bakinsa ya ce zai dawo. Na ce ya bari ko bana kaɗai. Har na yi abin da ban saba ba, na roƙe shi.

“Ni na sani,” ya ce. “Kira yayanki.”

Na kira shi a wayata a nan tsaye, Baba yana ji. Yayana ya tambaya ko Baba lafiya. Na ce lafiya lau.

Masu awo suka zo a cikin makon, Baba bai je ba. Ya wuni a rumbu yana fito da irin doyar da ya tanada don gonar, yana duba kowane ɗaya, yana ware masu tabo. Irin gidanmu ne tun na kakansa, bai taɓa sayen na kasuwa ba. Ya zuba masu kyaun a buhu ya ɗaure, ya ce in kai wa malamin, in ce masa abin da ya samu ke nan na ramuwa.

Na ɗora a ka na haye rafi. Na tarar da malamin ya dawo daga makaranta. Ya kwance buhun ya leƙa, ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya san abin da yake riƙe da shi. Ya dubi tsakar gidan, siminti daga bango zuwa bango, igiyoyin shanya, baburan 'yan haya.

“Mama, ina zan shuka?”

“Ban sani ba, Malam,” na ce. “Ni dai an aiko ni.”